Daga Zankon Zakara Zuwa Tukunyar Bakteriya

A shekarar 1934, Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka suka tace wani sinadari mai yauƙi daga ruwan idon saniya. Shi ne asid ɗin hayaluronik, wanda ke riƙe ruwa a fata, yake kuma hana gaɓoɓin jiki gogayya. Likitocin ido sun ga amfaninsa, sai dai samunsa da yawa ya yi wuya.

Masanin nan ɗan asalin Hungari, Endre Balazs, ya gano hanyar tace shi daga zankon zakara, kuma a 1980 kamfanin Pharmacia na Suwidin ya fito da shi da sunan Healon domin tiyatar ido. Amma abin da aka tatso daga dabba yakan zo da ragowar furotin mai tayar da kumburi, ga tsada.

Daga nan hankali ya koma kan bakteriyar Streptococcus, wadda ke lulluɓe kanta da wannan sinadari. Da yake iri ɗaya ne da na jikin mutum, garkuwar jiki ba ta saurin gane ta. A shekarun 1980 aka fara kiwonta a manyan tukwanen masana'antu. Illar ita ce ƙwayar cuta ce, dole a kawar da gubarta kafin a yi wa mutum allura da abin da ta samar.

Mafita ta zo ta hanyar filasmid, wato ɗan zoben DNA da bakteriya ke ɗauke da shi baya ga ainihin kundin gadonta. Tun 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna ana iya ɗora masa ƙwayar gado a kai wa wata bakteriya. A 1993 Paul DeAngelis da Paul Weigel da abokin aikinsu suka gano hasA, ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin, suka kuma nuna bakteriyar da ba ta taɓa yin sa ba tana iya yi idan aka ba ta filasmid ɗin. A 2005 masanan kamfanin Novozymes suka dasa hasA cikin Bacillus subtilis, wadda ba ta cutar da mutum.

Saura batun tsawon sarƙar sinadarin. Doguwar sarƙa ce ke ba shi kaurin da tiyatar ido da allurar gwiwa ke buƙata, kuma bakteriyar da aka sauya takan samar da gajera. A kan wannan ake ta bincike har yau.