Daga Baltimore zuwa Wurno: tarihin danna ƙirji

1/ Ranar da kakana ya yanke jiki ya faɗi a Wurno, ruwa muka yayyafa masa, muka bazama neman motar Sakkwato. Ba wanda ya taɓa ƙirjinsa. Allah ya jiƙansa.

2/ Daga baya na karanta tarihin CPR. Kafin 1960, in zuciya ta tsaya, sai likita ya tsaga ƙirji ya matsa ta da hannu. A shekarar ce Kouwenhoven, Jude da Knickerbocker a Baltimore, Amurka, suka nuna dannawa daga waje ma tana aiki.

3/ Tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti. Shi ke nan fa!

4/ A can, ma'aikatan gidajen tsofaffi ake koya wa. Mu nan Wurno, Rabah da Goronyo, surukai da jikoki ke jinyar tsoho. Su wa ya koya musu?