Wanda ya san bariki da wanda ya ga filin daga

A shekarar 1959 Robert Heinlein ya fitar da Starship Troopers, littafin da ya aza harsashin ƙagaggun labaran yaƙin sararin samaniya irin na yau. Heinlein hafsan sojan ruwan Amurka ne, amma tarin fuka ya raba shi da aiki a 1934, bai taɓa shiga filin daga ba. Hakan ya bayyana a rubutunsa. Ya san bariki da horo da biyayya, ya kuma zayyana sulke mai inji dalla-dalla. Sai dai labarin kan tsaya cik, malami ya hau wa'azi kan dalilin da ya sa wanda ya yi wa ƙasa hidima kaɗai ya cancanci jefa ƙuri'a.

A 1974 Joe Haldeman, wanda ya dawo daga yaƙin Biyetnam da raunuka, ya fitar da The Forever War. Sojojinsa na tafiya da gudun da ya kusa na haske, don haka watanninsu shekaru ne a duniya. Mandella, gwarzon labarin, ya dawo ya tarar gida ya zame masa baƙon wuri, kamar yadda ya faru da tsofaffin sojojin Biyetnam da yawa. Bayan fiye da shekara 1,000, aka gano rashin fahimtar juna ne ya haddasa yaƙin.

Dukansu sun ci lambar yabo ta Hugo. Mai neman sanin yadda ake ƙera soja, ya karanta Heinlein. Abin da yaƙi ke barin sa da shi kuwa, wurin Haldeman zai same shi.