Abubakar Imam da Karatun Yara: Gadon da Muka Bari a Tudun Wada



Makon jiya 'yar yayata, mai shekara biyar, ta dawo daga makaranta tana kuka. Wai an ci ta tarar naira hamsin saboda ta yi Hausa a aji. Abin ya tsaya min a rai, domin a Tudun Wadar Zariya muke, unguwar da Alhaji Abubakar Imam ya zauna, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta wa yaran Arewa abin karantawa da harshensu.

In ana maganar waɗanda suka fara tunanin ilimin yara, a jami'a sunan Maria Montessori aka koya mana, wadda ta buɗe gidan yaranta a birnin Rum a 1907. Ba laifi. Amma mu ma muna da namu.

An haifi Imam a Kagara a 1911. Ya yi Kwalejin Katsina, ya zama malami a Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta littattafan Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma da Ganɗoki, duka biyun aka buga su.

To ga inda labarin yake. A lokacin an fara koya wa yara boko, amma in yaro ya iya haɗa baƙi, me zai karanta? Kusan babu. Shi ya sa a 1936 aka kawo Imam Zariya, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, don 'yan makaranta.

Ku lura da dabararsa. Bai tsaya yana yi wa yaro wa'azi ba. Aku ya kawo, tsuntsu mai surutu, yana ba ɗan sarki labari bayan labari. Ya ɗebo daga tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu rigar Hausa. Yaro na dariya, karatu na shiga, bai ma sani ba. Wallahi wannan shi ne abin da masana ke ta nanatawa yau: yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da yake mafarki da shi.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk da wannan aiki bai manta da yara ba: a nan Tudun Wada ya tsaya aka kafa makarantar firamare ta Nurul Huda, inda aka haɗa karatun addini da na boko, don iyayen da ke tsoron boko su saki jiki su kawo 'ya'yansu. Ya rasu a 1981.

Yanzu mu tambayi kanmu. A 1977 tsarin ilimin Najeriya ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Amma mu ne iyaye da yayye da ke murna in yaro ya haddace waƙar Turanci bai san ma'anarta ba. Ba na faɗa da Turanci, da shi na yi digiri, Imam kansa ya iya shi sosai. Abin da nake cewa, ba a ɗora gini sai da tushe.

Ni dai na je makarantar nan na yi magana da shugabar cikin ladabi, ta ce za su duba batun tarar. Na kuma sayo Magana Jari Ce, kullum bayan Isha'i nakan karanta wa yarinyar shafi biyu. Jiya da kanta ta ɗauko littafin ta ce, "Kawu, ina aka tsaya?"

Kai ma kana da ƙani ko ƙanwa a gida. Gwada daren yau.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam. Sai mun haɗu a shiri na gaba.