Jami'ar Bazara ta Santander

Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Menéndez Pelayo jami'ar gwamnatin Sifaniya ce da ta yi suna da kwasakwasan lokacin bazara. Daga watan Yuni zuwa Satumba ɗalibai daga ƙasashe daban-daban ke zuwa birnin Santander, a gaɓar tekun arewacin ƙasar, wasu don koyon harshen Sifaniyanci, wasu don sauraron laccoci kan kimiyya, adabi, tattalin arziki da siyasa.

An kafa ta a 1932, zamanin Jamhuriya ta Biyu ta Sifaniya, lokacin da Fernando de los Ríos ke ministan ilimi, aka fara karatu a 1933. Masanin harshe Ramón Menéndez Pidal ne shugabanta na farko, marubucin waƙa Pedro Salinas kuwa shi ne babban sakatarenta. An ba ta Fadar Magdalena ta zama mazauninta, gidan da mutanen Santander suka gina wa Sarki Alfonso na 13 don hutun bazara. Mayar da fadar sarki makaranta abu ne mai ma'ana ƙwarai a wancan zamani, domin ɗalibi da malami suna kwana wuri guda, su ci abinci tare, muhawara ta ci gaba har bayan aji. Masanin kimiyyar fiziks Erwin Schrödinger na cikin waɗanda suka yi lacca a nan.

Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1936 ya tsayar da karatu. A 1945 aka sake kafa ta da sunan Marcelino Menéndez Pelayo, masani ɗan asalin Santander. Yanzu tana da rassa a wasu biranen, ciki har da Sevilla da Valencia.