Kifin Zinare da Cutar Farin Ɗigo: Daga Ina Aka Faro?

Yau tarihin kifin zinare za mu taɓa, wannan jan kifin ado da ake sawa a tankin gilashi.

Asalinsa ƙasar Sin ne. Tun zamanin daular Song, kusan shekara dubu ke nan, ake kiwonsa a tafkunan gidajen manya. Daga baya fatake suka kai shi Japan, ya shiga Turai a ƙarni na 17, ya isa Amurka a ƙarni na 19. Da kifin ado ya zama haja, cututtukansa ma suka bi shi ƙasa ƙasa.

Wadda ta fi shahara ita ce cutar farin ɗigo: kifi ya fito da ƙuraje kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jiki da duwatsu. A 1876 wani masani Bafaranshe, Fouquet, ya bayyana ƙwayar da ke jawo ta. Sirrinta shi ne, tana shigewa cikin fata inda magani ba ya kaiwa. Sai ta faɗo ƙasan ruwa ta hayayyafa, 'ya'yanta su fito neman kifi, sannan gishiri ko magani ke iya kashe su.

Shi ya sa idan ɗigon ya ɓace ba a tsayar da magani nan take, sai an ƙara kwanaki. Sabon kifi kuma, a ware shi sati biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da sauran.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.