Kafin a Ba da Yaro, a Duba Gida: Asalin Binciken Masu Neman Riƙo a Amurka

A yau idan mata da miji a Amurka suka nemi a ba su yaron da ba su haifa ba ya zama nasu a gaban doka, sai sun buɗe ƙofarsu ga wata baƙuwa, jami'ar kula da walwalar jama'a. Za ta zauna da su sau da yawa, tare da kuma ɗaya bayan ɗaya. Za ta tambayi yadda aka rene su, da yadda suke sasanta saɓani, da abin da suke samu da abin da ake bin su. Za ta karɓi takardar likita da shaidar mutanen da suka san su, a ɗauki hoton yatsunsu a duba ko sun taɓa aikata laifi. Daga nan ta zaga gidan, ta ga inda yaron zai kwana da inda ake ajiye magunguna, da bindiga in akwai. Aikin yakan ɗauki watanni, kuma mutane da dama suna jin sa a matsayin shiga sharo ba shanu. Sai dai kusan kowace tambaya a cikinsa tana da wani yaro da aka cuta kafin a fara yin ta.

Labarin ya faro ne a tsakiyar ƙarni na 19. A 1851 jihar Massachusetts ta kafa dokar da masana tarihi ke ɗauka a matsayin ta farko ta zamani kan ɗaukar yaro. Ta ɗora wa alƙali nauyin gamsuwa cewa masu nema suna da halin riƙon yaron da ilimantar da shi. Wannan sabon abu ne, domin maslahar yaro ta shigo cikin lissafi. Amma dokar ba ta tanadi wanda zai je ya gani da ido ba. Abin da aka faɗa wa alƙali a zaure shi ne iyakar saninsa.

A daidai wannan lokaci titunan birnin New York sun cika da yaran da talauci da cuta da ƙaura suka raba da iyayensu. Wani malamin coci, Charles Loring Brace, ya kafa Ƙungiyar Agajin Yara a 1853, da tunanin cewa gonakin yammacin ƙasar sun fi wa yaro gidan marayu. A 1854 jirgin ƙasa na farko ya kai yara fiye da 40 garin Dowagiac na jihar Michigan. Daga nan har zuwa 1929, wannan ƙungiya da wasu irinta sun kwashi yara kimanin 200,000 a abin da aka sani da jiragen marayu.

Yadda ake rabon shi ne ya jawo magana. Ana liƙa sanarwa a gari kafin jirgi ya iso. Ranar da ya iso sai a jera yaran a coci ko ɗakin taro, manoma su zo su zaɓa, wasu har suna taɓa damtse suna duba haƙora. Tantance masu karɓa an bar shi a hannun wani kwamiti na manyan gari: limamin coci, ɗan kasuwa, likita da makamantansu. Wasu yaran sun dace da gidajen da suka riƙe su da amana. Wasu sun zama 'yan aikin gona marasa albashi, an raba wa da ƙani, kuma da yawansu ma iyayensu na raye.

A 1884 Hastings Hart, sakataren hukumar da ke kula da gidajen gyaran hali da ayyukan agaji a jihar Minnesota, ya bi sawun yaran da aka kai jiharsa. Ya gano cewa ana rabon cikin gaggawa, kuma sa ido bayan an ba da yaro bai taka kara ya karya ba. Ya kuma lura da wani rauni da duk wanda ya zauna a ƙaramin gari zai gane: ɗan kwamiti ba ya son ya ce wa maƙwabcinsa, ko mai sayen kayansa, bai cancanta ba. Kunya da alfarma sun rinjayi gaskiya. Darasin da ya fito daga nan shi ne ginshiƙin tsarin yau, wato mai binciken ya zama baƙo wanda ba ya cin moriyar kowa a cikin gari.

Gyaran ya zo a hankali. A 1891 Michigan ta wajabta wa alƙali yin bincike kafin ya yanke hukunci. A 1909 Shugaba Theodore Roosevelt ya kira taro a Fadar White House kan yara marasa galihu, inda aka tsaya a kan cewa talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba, kuma wanda dole ta raba a nema masa gidan da aka zaɓa da kyau. A 1912 aka kafa hukumar tarayya mai kula da al'amuran yara. Sannan a 1917 Minnesota ɗin nan ta Hart ta zama jihar farko da ta wajabta wa hukuma binciken gidan masu nema, tare da sharaɗin yaron ya zauna a gidan wata 6 kafin kotu ta tabbatar. Sauran jihohi suka bi sahu cikin shekarun da suka biyo baya.

Doka a takarda ba ta hana ɓarna ba. Daga 1924 zuwa 1950 wata mata mai suna Georgia Tann ta shugabanci wani gidan yara a birnin Memphis na jihar Tennessee. An ƙiyasta cewa yara kusan 5,000 ne suka bi ta hannunta. Da yawa an karɓe su daga iyaye matalauta ta hanyar yaudara ko ƙwace, aka sauya takardunsu, aka miƙa su ga masu kuɗi a New York da California. Wasu jariran sun mutu a hannunta saboda sakaci. Tana da ɗaurin gindi a kotu da wurin 'yan siyasa, kuma ma'auninta na gidan kirki shi ne aljihu. Gwamnan jihar, Gordon Browning, ya sa a yi bincike a 1950, amma ta mutu a watan Satumbar shekarar kafin a gurfanar da ita. Abin da ya fito fili shi ne, bincike ba ya amfani idan mai yin sa yana da riba a cikin sakamakon.

Su ma ƙwararrun sun yi nasu kuskuren. A tsakiyar ƙarni na 20 jami'ai sun himmatu wajen dacewar kama: launin fata, addini, har da launin ido, don kada a gane yaron ba haifaffen gida ba ne. An rufe ƙofa ga marasa aure da masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda shekarunsu suka ɗan ja, alhali yara masu naƙasa da manya da baƙaƙen fata suna jira babu mai ɗauka. Daga shekarun 1970 aka fara sauya salo. Binciken ya koma haɗe da horo, ana shirya iyali su fahimci yaron da ya ɗanɗani rabuwa, maimakon a tsaya neman gida marar aibi. Ɓangaren tsaro kuma ya ƙara tsauri: dokar tarayya ta 2006 ta wajabta duba hoton yatsu da rajistar masu cin zarafin yara ga waɗanda za a ba yaran da ke hannun hukuma. A matakin duniya, Yarjejeniyar Hague ta 1993 ta shar'anta rubuta rahoto kan masu nema kafin yaro ya tsallaka iyakar ƙasa.

A ƙasar Hausa ba a san riƙo da takarda ba. Goggo ko kaka ko kawu kan ɗauki yaro, nasabarsa tana nan ga mahaifinsa kamar yadda Musulunci ya tanada, kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Mai binciken gida a wannan tsari shi ne dangi da unguwa, waɗanda suka san halin mai riƙo tun kafin a kai masa yaro, kuma suna ganin yaron kullum bayan an kai. Wannan ido yana aiki matuƙar kowa ya san kowa. Da yarinya ta bar ƙauye zuwa wani gida a Legas ko Abuja da sunan riƙo, an koma halin da Hart ya tarar a 1884: an ba da yaro bisa kyakkyawan zato, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin komawa ya duba.