Lissafin Da Aka Kora a 1977, Kwamfuta Ta Dawo Da Shi

Akwai wani reshe na lissafi da ba ya auna tsawo ko nauyi. Aikinsa ƙirga abubuwa ɗaiɗai da gano alaƙar da ke tsakaninsu: rukuni da abin da ke cikinsa, magana gaskiya ce ko ƙarya, hanyoyi nawa za a bi a jera abu. A kansa aka gina ilimin kwamfuta. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi a hatimi, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Shekara huɗu bayan haka masanin lissafi Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Konigsberg, wadda ta haifi lissafin ɗigo da layi. A 1854 kuma George Boole ya mai da manɗiƙi lissafi, daga baya Claude Shannon ya nuna cewa ana iya aiwatar da shi da makunnan lantarki.

Shigar wannan reshe na lissafi ajin sakandare a Najeriya ta biyo bayan tarurrukan Entebbe a Yuganda, waɗanda aka fara a 1962, inda masana irin su Grace Alele-Williams suka rubuta littattafan abin da aka kira lissafin zamani. Ɗalibai suka fara zana da'irori masu shiga juna, suna ƙirga da sifili da ɗaya kaɗai. Sai dai an kawo littafi ba a shirya mai koyarwa ba. Malamai da yawa ba su taɓa karanta darasin ba, iyaye kuma suka ga 'ya'yansu na zane-zane alhali jadawalin sau na ba su wuya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara tsananta ƙarancin malamai. A Janairun 1977, a wani taro a Benin, kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani.

A daidai wannan lokaci garin Jos, wanda za mu ɗauka misali, na sauya kama. Kasuwar kuza ta fara ja da baya, makarantu na ƙaruwa. Reshen Jami'ar Ibadan da aka buɗe a garin a 1971 ya zama Jami'ar Jos a 1975. Da gwamnati ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a 1988, abin da aka kora ya fara dawowa sannu a hankali. Yau manhajar lissafin babbar sakandare ta ƙunshi rukuni, tushen lambobi, lissafin saura da manɗiƙi, darasin ƙarin lissafi kuma na koyar da jeri da zaɓi. Hukumar WAEC ta fara jarrabawar darasin kwamfuta a 2014, JAMB ta koma kwamfuta kacokan a 2015, shekarar da aka buɗe cibiyar nHub a Jos don horar da matasa rubuta manhajoji.

Amma da sauran rina a kaba. A makarantu da dama darasin kwamfuta ya tsaya ga haddace sunayen sassan na'ura da koyon buga rubutu, malamin lissafi kuma na koyar da tushe biyu ba tare da ya ce wa ɗalibi da shi wayarsa ke aiki ba. Darussa biyu ne masu uwa ɗaya, an raba musu ɗaki.

Haɗa su ba ya buƙatar janareta. A Jos, alal misali, a zana Taminus, Farin Gada, Titin Bauchi da Bukuru a allo a matsayin ɗigo, a haɗa su da layuka, a rubuta kuɗin mota a kan kowanne, sannan a ce ɗalibai su nemo hanya mafi araha, su kuma bayyana matakan da suka bi. Dabarar da masanin kwamfuta Dijkstra ya wallafa a 1959 ke nan, wadda ta zama tushen neman hanya a taswirar waya.

Abin da ya kayar da yunƙurin farko rashin horar da malamai ne. Idan makarantun horar da malamai na Gindiri da Pankshin, da tsangayar ilimi ta Jami'ar Jos suka yaye malaman da ke iya tsayawa tsakanin darussan biyu, alli da allo sun isa a fara.